An ce ba a ga ƙwayar HIV a jinina ba, shin na warke ke nan?

Tambaya: Likita, na daɗe ina shan maganin HIV. Gwajin da na yi kwanan nan ya nuna ba a ga ƙwayar cutar a jinina ba. Wani mai magani da nake karɓar jiƙo a wurinsa ya ce aikinsa ne, wai na warke, in ajiye na asibiti. Wallahi na gaji da haɗiyar ƙwaya kullum. In daina?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki daina. Sakamakonki abin murna ne, amma maganin asibiti ne ya kawo shi, ba jiƙo ba.

Na'urar gwaji abin da ke yawo a jini kawai take ƙirgawa. Idan adadin ƙwayar cutar ya gaza 50 ko 20 a kowace mililita ta jini, sai ta ce ba ta gani ba. Ita kuwa cutar tana nan kwance cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4, waɗanda ke barci a kaluluwa da bangon hanji, inda magani ba ya iya tumɓuke ta. Aikinsa hana ta hayayyafa. Yawancin waɗanda suka daina sha, cikin makonni kaɗan take dawowa.

An gwada wannan, ba zato ba ne. Binciken SMART ya bi mutum sama da 5,000 a ƙasashe 33, wasu suna sha ba fashi, wasu suna hutawa lokaci-lokaci. A 2006 dole aka dakatar da shi, domin haɗarin rashin lafiya mai tsanani ko mutuwa ga masu hutun ya fi ninki biyu. Akwai kuma yarinyar Mississippi a Amurka, wadda aka fara ba ta magani tana da awa 30 a duniya. Ta yi wata 27 ba magani, har aka fara murnar ta warke, sai ga cutar ta dawo a 2014.

Abin da ke ƙona mini rai, kullum muna ganin wannan yaudarar. Mai jiƙo ya samu wadda magani ya riga ya danne mata cutar, ya tura ta gwaji, ya ɗauki hoton takardar yana tallar kansa. Bayan watanni a kawo mana ita a rame, da tarin fuka, wani lokaci maganin da take sha a da ya daina kama ta. Shi kuwa ya kashe waya. 'Yan tsirarun da suka warke da gaske, irin su Timothy Ray Brown a Berlin, dashen ɓargo aka yi musu saboda sankarar jini, aikin da shi kansa yana iya kisa.

Ki tuna kuma, muddin cutar tana danne haka, ba za ki sa wa mijinki ita ta hanyar saduwa ba. Binciken PARTNER ya tabbatar da hakan. Ranar da ta farfaɗo, wannan kariyar ta tafi.

Gajiyar da kike ji, ki faɗa wa likitanki, akwai abin yi a kai. Ki tafi masa da jiƙon ya gani, don wasu haɗe-haɗen suna taɓa hanta da ƙoda, wasu suna rage ƙarfin maganin.