Tambayi Makaniki: Babban Babur Ɗan Sin a Titunan Yamai da Tawa

Daga unguwar Wadata, Yamai: Assalamu alaikum. Na ga babur CFMoto 450SR a Facebook ya shiga raina, wani dillali kuma ya ce zai kawo mini ta Lome. Abokaina suna ta zuga ni cewa kayan Sin ne, wata shida zai kai ni Katako neman mai sayen ƙarfe. Ina gaskiyar take?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka suna auna shi da ƙananan babura marasa suna da ake haɗawa a bakin kasuwa, alhali ba tafiyarsu ɗaya ba. CFMoto kamfani ne na birnin Hangzu da aka kafa a 1989, kuma tun 2017 yake da masana'antar haɗin gwiwa da KTM ta Ostiriya, inda ake ƙera wasu manyan injinan KTM ɗin. Ba shi kaɗai ba ne. A Sin ɗin, kamfanin Loncin ya daɗe yana yi wa BMW injina, kamfanin Qianjiang ya sayi Benelli ta Italiya tun 2005. A Indiya, Bajaj mai Boxer ɗin da ƴan kabu-kabu suka sani shi ke ƙera ƙananan KTM Duke da Triumph Speed 400, TVS kuma shi ke ƙera BMW G 310, ya kuma sayi Norton ta Ingila a 2020. Sau da yawa mai cika baki da babur ɗin Turai, in ya duba takardarsa, a Asiya aka ɗaure notinansa.

Shi 450SR ya fito a 2022. Injinsa cc 450 ne, silinda biyu a jere, ruwa ke sanyaya shi, giya shida, ƙarfin doki kusan 50, wato ya ninka na babur 125 sau huɗu ko biyar. Nauyinsa yana kewayen kilo 170, tanki lita 14, birkin gaba na Brembo da na'urar ABS mai hana taya ƙullewa. Sa'anninsa su ne Kawasaki Ninja 500 da Yamaha R3 da Aprilia RS 457, shi ma wannan na ƙarshen a Indiya ake yin sa.

Batun arha kuwa, a yi hattara da kalmar. A Turai kuɗinsa yana kewayen yuro 6,000, kusan sefa miliyan 4 ke nan, ba a sa jirgi da mota daga Lome da kuɗin duwan ba. Arharsa ita ce yana ba ka kayan da a wajen Japan sai ka ƙara kuɗi za ka samu.

Inda abokanka suke da ƴar gaskiya shi ne kayan gyara. Boxer ko Haojue ya lalace, ko a ƙauye za a samu abin sa masa. Wannan kuwa, ƙaramar na'urar auna iska ta mutu, sai babur ya kwana wata biyu a zaure yana jiran saƙo, musamman tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Togo da Burkina Faso. Don haka ka sa dillalin ya haɗo maka a cikin akwatin: matatar baƙin mai 4, matatar iska 3, buji 2, takalman birki gaba da baya, sarƙa da haƙoranta, hannun birki da na kuloci, famfon esansi guda, da taya biyu, 110/70-17 a gaba, 150/60-17 a baya. In ya ce ba zai iya ba, ciniki bai faɗa ba.

Daga Tawa: Malam, ni ɗan kasuwa ne, duk wata ina zuwa Yamai. Irin wannan babur zai jure hanyarmu da zafinmu da man bakin titi?

Alhaji, hanyar ba matsala ba ce matuƙar kana kan kwalta. Daga Tawa ka bi ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, kusan kilomita 550 ne. Babur irin wannan yana shan wajen lita 4 a kilomita 100 in ba a murɗa masa wuya ba, tanki ɗaya ya kai ka sama da 300, sai ka sha mai a Ƙonni ka ƙara a Doso. Amma cikinsa bai fi santimita 14 daga ƙasa ba, tayoyinsa kuma sumul suke, na kwalta. Rairayin unguwa da ramukan bayan damina ba abokansa ba ne: rami ɗaya da gudu yana lanƙwasa gangar taya, kuma ta alminiyum ce, ba a miƙe ta da guduma irin ta mai waya. Ka kuma riƙa tambayar halin da ake ciki kafin ka kauce wa babbar hanya, don an sha hana zirga-zirgar babura a sassan Tilaberi da arewacin Tawa saboda tsaro.

Man kwalba shi ne babban abokin gaba. Wannan babur ba shi da karbureta da za a kwance a hure a mayar. Famfo ne a cikin tanki yake tura esansi da matsin kusan bar 3 zuwa wasu ƴan allurai masu ƙofa siririya kamar gashi. Ƙasa ko ruwa ko gaurayen kananzir in ya shiga, matatar famfon ta toshe, babur ya fara shaƙewa in ka ba shi wuta, daga nan famfon ya yi ta kuka har ya ƙone. Ka sha a gidan mai. In dole ta kama, a tace da mazurari mai tsumma mai tsabta. Kada kuma ka saba tafiya da tanki a ƙasa, domin man ne ke sanyaya famfon.

Zafin Afirilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 42, injin zai jure muddin lagireto na numfashi. Fankarsa tana tashi in ruwa ya kai wajen digiri 100, a cunkoson gadar Kennedy za ka ji ta tana hura maka wuta a ƙwauri, ba lalacewa ba ce. Abin da ke kashe shi laka da ƙura ne a fuskar lagireto, sai a wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. Wani abin da ke kashe shi kuma shi ne zuba masa ruwan rijiya, wanda ke barin kanwa-kanwa a cikin hanyoyin. Ruwan sanyaya inji na galan kawai ake sawa. Da hunturu ka buɗe matatar iska duk kilomita 1,000. Ta takarda ce, ba a wanke ta, in ta yi jajur a sake.

Wani makaniki daga Katako: An kawo mini irinsa na yi masa juye da man mota mai tsada. Yanzu in an ba shi wuta injin na ihu, babur ba ya ja. Me na ɓata?

Ɗan'uwa, kulocin ne ke sulɓi. A babur, faifan kuloci cikin baƙin mai suke wanka, man mota na zamani kuwa yana da sinadarin rage gogayya da ke sa su santsi. Ka zubar da shi da ɗuminsa, ka sake matata, ka sa 10W-40 na babur mai tambarin JASO MA2 a jikin galan, gwargwadon da littafinsa ya faɗa, kana duba tagar mai babur na tsaye cak. In bayan kilomita 100 bai daina ba, faifan sun ƙone, sai sababbi, a jiƙa su a man kafin a jera.

Tunda yana hannunka, duba sarƙa. Mai zoben roba ce, da kananzir ake wanke ta, esansi yana cinye robar. Wasanta ya zama santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, kuma kada a cika mata mai, ƙura ce za ta manne ta zama faifan niƙa. Auna batir ma: in injin na aiki ya nuna bolt 13.5 zuwa 14.5. Kuma kada ka yi walda a jikinsa batir na haɗe, ƙwaƙwalwar injin za ta tafi.

Wata uwa daga Yantala: Ɗana mai shekara 19 ya matsa sai an saya masa. Bai taɓa mallakar babur ba.

Hajiya, a ba shi haƙuri. Wannan yana wuce kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa shida ko ƙasa da haka, kuma hannun da bai saba ba yakan damƙe birkin gaba in akuya ta gitta. Ya fara da cc 150 shekara guda, ya yi permi da asurans, a saya masa hular kwano mai rufe haɓa da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. In ya cika shekarar bai goge gwiwa a kwalta ba, ku sake aiko mana.