Fara'ar 'yan matan Zango ba rashin kunya ba ce

Malam, ka tambaya ko a Kumasi ana samun yarinya irin wadda kuke kira 'yar mutunci, mai sunkuyar da kai, wadda in an yi mata magana sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na gane inda tambayar ta dosa. An ce maka 'yan matan Zango, wato unguwarmu ta Hausawa da sauran baƙi Musulmi a nan Ghana, idonsu a buɗe yake, ko?

To, a buɗe yake. Yarinyar da ta tashi tun asuba tana taya uwarta sayar da koko da ƙosai, ko shinkafa da waken nan da duk Ghana ke bin layi a kansa, ta yaya za ta yi gum? Mai sayen Ba'asante ne, ɗan ƙabilar Asante masu ƙasar Kumasi, dole ta gaishe shi da yarensu, ta saki fuska, ta ƙirga canji. Kulle bai taɓa zama da gindinsa a nan ba. Kakanninmu fataken goro ne, kuma da yaƙin basasar garin Salaga na 1892 ya tarwatsa su zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, tukunyar mata ce ta riƙe gidaje da yawa. Ita wannan mai dariyar, da la'asar tana makarantar allo, kuma ba ta wuce babba ba ta rusuna ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ku ce mu ruwa biyu ne. Kakata ta wajen uwa Ba'asantiya ce, ta musulunta ta auri malamin Zango. Asante dangin uwa suke bi, mu na uba, sai 'ya'yanta suka tashi kowane ɓangare na cewa nasa ne. A 1969, da gwamnatin Firaminista Busia ta kori baƙi daga Ghana, 'yan'uwanta ne suka tsare mana gida har ƙura ta lafa. Ban taɓa jin muryarta a saman ta kakana ba, Allah ya jiƙansu.

Bara 'yar ƙanwata ta je biki Kano. Aka yi ta dariyar Hausarta, wata kuma ta ce ta cika sakewa don ta amsa gaisuwar abokan ango. Ita ce fa ta kwana tana wanke tukwanen bikin.

In da gaske kake, turo manya. Lefenmu dai ba shi da sauƙi, in gaya maka tun yanzu.