Tun da aka yi wa kwamfutata fomat ta daina barci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar laftof 'yar gwanjo mai Windows 7. Wata biyu da suka wuce mai gyara ya yi mata fomat. Tun daga ranar, in na rufe murfinta ba ta tsayawa da aiki, sai in ciro ta daga jaka da zafi kamar dutsen guga, batir ya ƙare. Kalmar Sleep ma ta dusashe, ba ta dannuwa. Tsufa ne ya kama ta in haƙura? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki ɗora wa tsufa laifi tukuna. Tunda matsalar ta fara ne ranar da aka yi fomat, na fi zargin direban sikirin, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar da ke fitar da hoto.

In kwamfuta za ta yi barci, matakin da masana ke kira S3, tana yanke wa kusan komai wuta, ta bar RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, kaɗai yana riƙe da aikinki. Amma sai kowace na'ura a cikinta ta amince, kuma ta bakin direbanta take amincewa. Idan aka ɗora Windows 7 sabuwa ba ta sami direban sikirin na asali ba, sai ta yi maneji da na wucin gadi mai suna Standard VGA Graphics Adapter. Wannan hoto kawai ya iya nunawa, bai san yadda ake kwantar da na'urar a sake tada ta ba. Shi ya sa Windows ke hana barcin gaba ɗaya. Masu gyara da yawa da sun ga sikirin ya kawo sai su miƙa wa mai kaya abinsa, alhali aiki bai ƙare ba. Ina kyautata zaton rubutu ya yi miki ƙato-ƙato, bidiyo na sarƙewa, hasken sikirin kuma ba ya raguwa.

Ki buɗe Device Manager, wato inda Windows ke jera na'urorin da ke cikin kwamfuta, ki duba ƙarƙashin Display adapters. In Standard VGA ɗin nan kika gani maimakon Intel, AMD ko NVIDIA, to an kama ɓarawo. Ki kifa laftof ɗin ki kwafi lambar samfurinta, ki je shafin kamfanin da ya ƙera ta ki sauko da direbobin Windows 7, bayan kin tabbatar ko taki 32-bit ce ko 64-bit. Fara ɗora na chipset, wato na'urar da ke haɗa sassan kwamfuta da juna, sannan na sikirin, ki kashe ki kunna. Kada ki jira Windows Update, domin Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020. Manhajojin nan masu alkawarin nemo duk direbobi da dannawa ɗaya kuwa, ni ban yarda da su ba. Sukan shigo da tarkacen da ba a gayyata ba.

Daga nan ki shiga Power Options ki tabbatar an saita rufe murfi a kan Sleep.

In ta koma barci amma tana farkawa da kanta, ki buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a matsayin administrator ki rubuta powercfg -lastwake, zai faɗa miki abin da ya tashe ta. Yawanci maus ne ko katin intanet, sai ki cire masa izinin tada kwamfuta a Device Manager. In kuma ƙin kwanciya take yi, powercfg -requests zai nuna manhajar da ta riƙe ta.

Saura maganar batir. Barci na shan wuta kaɗan-kaɗan, don haka in batirinki ya gaji kuma NEPA ta ɗauke, duk aikin da ba ki adana ba ya tafi. A tsohuwar kwamfuta na fi son Hibernate, wanda ke kwashe abin da ke RAM ya zuba a fayil ɗin hiberfil.sys, sannan ya kashe ta ɗungurungum. Ta fi jinkirin tashi, amma ko kwana uku ta yi a jaka za ki tarar da aikinki inda kika bar shi. Ana kunna shi da rubuta powercfg -h on a Command Prompt.

Kafin ki sami direban, ki riƙa yi mata Shut down, ki jira fanka ta yi shiru, sannan ki sa ta a jaka. Zafin nan yana ƙarasa batir da sauri.