Bakanike Ya Ce Zai Toshe Min Birkin Baya, In Yarda?

Tambaya: Salam Oga. Na kai Honda Accord ɗina ta 2005 a canza fad ɗin birkin baya, fistin ya ƙi komawa ciki, yaron gareji ya sa guduma da ƙarfe ya danna shi da tsiya. Yanzu man birki na ɗiga ta tayar baya ta dama. Maigidansa ya ce ba komai, zai toshe layin wannan tayar, wai ai birkin gaba ne ke tsayar da mota. Jibi zan kai iyali Zariya daga Kano, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Gara da hankalinka bai kwanta ba, kar ka ɗora iyali a motar nan sai an gyara.

Fistin ɗin baya na irin motarka, wato ƙarfen da ke tura fad ya matse farantin birki, murza shi ake yi, saboda birkin hannu a cikin kalifa yake, wato gidan da fistin da fad suke zaune, akwai zare a ciki kamar na noti. In ka duba fuskarsa za ka ga tsaga, nan ake sa makulli a juya ta hannun dama ana ɗan turawa har ya shige, sannan a daidaita tsagar da ɗan ƙullun da ke bayan fad na ciki. Golf ma haka take. Yaron ya yi masa irin aikin fistin gaba ne, wanda shi dannawa ake yi, ya lalata zaren ya yaga sil, robar da ke hana mai fita, shi ne man da kake gani.

To maganar toshewa, wallahi ita ce ke ƙona min rai, kullum sai mota ta shigo an cusa mata ƙusa a bakin layi ko an matse tiyon da filaya an ɗaure da waya, mai motar ma bai sani ba. Eh gaba ne ya fi ɗaukar nauyin tsayawa, babu musu, amma na baya shi ke riƙe gindin mota ta tsaya a saiti. Kuma layin birkin Accord a gicciye yake, gaba ta hagu da baya ta dama layi ɗaya, gaba ta dama da baya ta hagu layi ɗaya, an yi haka ne don in ɗaya ya fashe ɗayan ya cece ka. Ka toshe taya ɗaya, cikin gari a go-sulo ba za ka ji komai ba, shi ya sa suke cewa ai ga shi tana tsayawa, amma ranar da kake kan 100 da mutum biyar da kaya a but, akuya ta faɗo titi ko tirela ta ci birki a gabanka, ka taka da ƙarfi, gefe ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba, motar ta fizge. Lodi kuma baya yake ƙara wa aiki. Wanda ya toshe yana gareji yana shan shayi a lokacin, ya karɓi kuɗinsa tun shekaranjiya. Rayukan mutane ne fa, a ji tsoron Allah, in ba ka da makullin murzawa ka ce ba ka da shi.

Tunda zaren ya taɓu, canza sil kaɗai ba zai yi ba, a nemo kalifa mai kyau ko ta Beljiyam ce, Ƙofar Ruwa ba za a rasa ba. Fad kuma hagu da dama tare ake sawa. In mai ya jiƙa sabon fad ɗin a jefar da shi, a wanke farantin. A goge fil biyun da kalifa ke zamewa a kai a sa musu giris na birki, ban da baƙin mai. A zuba man birki DOT 3 daga sabuwar gora, a cire iska. Kafin motar ta motsa ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri, ka ja birkin hannu ka ga ya riƙe, ka zaga unguwa a hankali sannan ka leƙa bayan tayar ko akwai danshi. In aikin bai kammala kafin jibi ba, ku hau motar haya.