An sallame shi a kotu, shin kuɗinku sun bi ruwa?

Malam, ka ce kotun majistare ta sallami mutumin da ya karɓi kuɗin fili a hannun yayanka a Samaru daga tuhumar damfara, kana tambaya ko magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba.

Shari'ar laifi tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma, yayanka mai shaida ne kawai, kuma sai hujja ta kawar da shakka. Ƙarar neman haƙƙi kuwa yayanka ne zai shigar da kansa, alƙali ya duba wanda hujjarsa ta rinjaya. A Amurka an wanke tsohon ɗan wasa O.J. Simpson daga tuhumar kisa a 1995, amma a 1997 a ƙarar neman haƙƙi aka ce ya biya iyalan mamatan dala miliyan 33.5.

Sai dai a nan Najeriya akwai tarko. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce in ka jingina ƙararka kan an aikata laifi, ko ta haƙƙi ce, sai ka cika wancan ma'auni mai nauyi na kawar da shakka. Kada ku kafe kan "ya damfare mu". Ku ce ya karɓi kuɗi, bai ba da fili ba.

Na taɓa ganin dattijo ya zaro takardar ciniki daga cikin hularsa, gumi ya cinye sa hannun shaidu, abin tausayi. Ku ɗauki hoton taku yau, ku karɓo bayanin asusu daga banki.

Ƙara tana da wa'adi, kada ku yi sanya. Ku kai wa lauya kwafin hukuncin. In aljihu ya gaza, ku leƙa sashen taimakon shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Kongo, Zariya.