Kafin ku sa hannu a kan takardar sayar da kabon na dajinku

Tambaya: Lauya, ni ne sakataren ƙungiyar manoma da ke kula da wani daji. Wani kamfani ya kawo mana yarjejeniya ta shekara 30, ya ce zai riƙa biyanmu in muka daina sare itatuwa. Mu sa hannu?

Amsa: Malam, ku dakata tukuna. Abin da kamfanin yake so a hannunku alkawari ne cewa dajin zai ci gaba da tsayawa. Za a ƙirga iskar kabon da itatuwan suka riƙe, kowane tan ɗaya ya zama takarda ɗaya, a sayar wa masu son rage nauyin hayaƙin da suke fitarwa. Hukumomi masu zaman kansu irin su Verra ne ke tantance lissafin.

Abin dubawa na farko: kabon ɗin na wane ne? Mallakar gona ko daji ba lallai ta ba ku haƙƙin sayar da kabon ba. Bayan yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi, musamman sashe na 6, gwamnatoci sun fara sa baki, domin kada ƙasa da mai saye su ƙirga tan ɗaya sau biyu. A 2023 Zimbabwe ta fito da dokar karɓar kaso daga kuɗin, Kenya kuma ta tanadi aƙalla kashi 40 cikin ɗari ga al'umma a ayyukan kabon da ake yi a kan filaye. Ku nemi sanin abin da dokar ƙasarku ta ce, a rubuce.

Inda na fi jin tsoro a irin waɗannan yarjejeniyoyi shi ne layin kaso. In aka rubuta "kashi kaza na riba", ku sani kamfani zai fara cire kuɗin awo, na masu tantancewa, na ofis, sannan a raba abin da ya rage, in ma ya rage. Ku nemi kason ya fito daga jimillar kuɗin sayarwa, tare da damar ganin rasit ɗin kowace takardar kabon da aka sayar. Farashin kasuwar nan yana hawa yana sauka, don haka a sa mafi ƙarancin abin da za a biya ku duk shekara.

Sannan ku karanta layin gobara da kyau. In daji ya ƙone, wa zai ɗauki asarar? Kada ku yarda a ɗora muku bashi. A kuma fayyace ko mata za su ci gaba da ɗibar busasshen itace, makiyaya su ratsa.

Sa hannun shugabanni biyu bai isa ba. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin wuri ta tanadi neman yardar jama'a tun kafin a fara, ba tare da tilas ba. Ku kira taro, a karanta takardar da harshenku, a rubuta sunayen waɗanda suka amince. Lauyan da zai duba muku ita kuma ya zama naku ne, ba wanda kamfanin ya ɗauko ba.