Tambayi Likita: Na'urar da ke shinshino cuta a iskar gari

Tambaya: Salam likita, dan Allah wai da gaske ne akwai na'urar da gwamnati ke kafawa a birni tana gano cuta a iska tun mutane basu fara kwanciya ba? Ni dai abun ya min kama da tatsuniya.

Amsa: Wa alaikas salam ɗan'uwa, da gaske ne. Amurka ta fara nata shirin, BioWatch, a 2003, bayan wasu wasiƙu masu garin antaraks, wata ƙwayar cuta mai kisa, da aka aika a 2001 suka kashe mutum 5, wasu 17 suka kwanta. Akwati ne mai fanka a ciki, a ɗora shi kan rufin gini ko a tashar jirgi, yana zuƙar iska dare da rana ta bi ta cikin matata, kullum ma'aikaci ya zo ya cire matatar ya kai ɗakin gwaji a duba ko ƙwayar cuta ta maƙale. Birane sama da 30 ke da shi. Amma fa ba nan take yake ihu ba, sakamakon kan ɗauki awa 12 zuwa 36.

Tambaya: Likita ni ma'aikaciyar jinya ce, gani nake ɓarnar kuɗi ce kawai, ba gara a zuba su a asibiti ba?

Amsa: Sista, maganarki akwai ƙamshin gaskiya. Shirin yana cin kusan dala miliyan 80 a shekara, kuma a 2014 gwamnatin Amurka ta soke sabon samfurin na'urar da aka so ya riƙa gwajin da kansa, wanda aka ƙiyasta zai lashe wajen dala biliyan 3. Ga kuma matsalar ƙararrawar banza: a birnin Houston na Amurka a 2003 na'urar ta nuna alamar tularemiya, wata cuta da ake tsoron a yi makami da ita, hankali ya tashi, ashe ba hari ba ne, irin ƙwayar dama tana nan a muhalli. Amma kinga amfaninta lokaci ne, antaraks ɗin da aka shaƙa idan aka ba mutum antibayotik irin cipro ko doxycycline kafin zazzaɓi ya fara yawanci yana tsira, idan kuwa ya sauka a ƙirji to sai addu'a, ko a babban asibiti. A birnin Sverdlovsk na tsohuwar Tarayyar Sobiyet antaraks ya tsiyayo daga wani wurin soja a 1979, aƙalla mutum 66 suka mutu, hukuma na cewa wai gurɓataccen nama ne. Ni a ganina kuskuren shine a sayi akwati a manta da ɗakin gwaji da ma'ajiyar magani da masu rabawa, na'ura ta faɗa amma babu mai kai magani hannun mutane cikin kwana biyu, me aka yi kenan? Kar ki manta harin 2001 likita ne a Florida ya fara gano shi, da ya duba ruwan ƙashin bayan mara lafiyarsa. Irinku ne ƙararrawar farko.

Tambaya: To likita zata iya kama irinsu ƙyanda da korona?

Amsa: BioWatch an yi shi ne dan ƴan ƙwayoyin da ake tsoron a yi makami da su. Cututtukan yau da kullum gwajin ruwan bahaya na gari yafi sauƙi da arha, a haka aka gano ƙwayar shan inna a Landan a 2022.

Tambaya: Ni uwa ce likita, idan aka sanar an gano wani abu a iskar garinmu me zan yi da yara?

Amsa: Hajiya ki shigar dasu ɗaki, a rufe tagogi a kashe AC, wanda yake waje ya cire kayansa a ƙulle a leda yayi wanka da sabulu. Antaraks na huhu baya tsallakawa daga mutum zuwa mutum, dan haka kar a guji kowa. Kuma dan Allah kar ki ruga kemis ki ɗura musu antibayotik da kanki, ki jira sanarwar hukumar lafiya, maganin kariyar kwana 60 ake sha kuma na yaro da nauyinsa ake auna shi.